Injin Tattara Ciyawa Da Ganye: Darasin Da Ke Cikinsa Ga Manoman Fadamar Rima

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu bayan an gama yankan shinkafa, zai ga abubuwa biyu waɗanda bai kamata a gan su wuri ɗaya ba. Can cikin fadama zai hangi hayaƙi yana tashi daga tarin karan shinkafar da aka buge aka cinna wa wuta. A bakin hanya kuwa zai ga garken shanu, haƙarƙarinsu a fili, suna tsintar abin da iska ta bari. Abincin da waɗannan dabbobi suke nema shi ne wanda ake ƙonawa, kuma ba mugunta ce ta sa manomi yin haka ba. Aikin tattara karan da ɗaurinsa da jigilarsa ne ya fi ƙarfin hannuwan da yake da su a ɗan lokacin da ya rage masa kafin ya sake gyara gona.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin wata na'ura da ake amfani da ita a ƙasashen Turai da Amurka, watau buhunan tattara ciyawa da ganye da ake ɗaura wa ƙaramar taraktar lambu. Sa'an nan mu duba ko tana da amfani a gare mu, in kuwa ba ta da shi yadda take, wace dabara ce a cikinta za mu ɗauka.

Asalin Na'urar

A shekarar 1830 wani Bature ɗan Ingila mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa na farko a yankin Stroud. Ya samo dabarar ne daga wata na'urar masaƙa da ake aske gashin tufafin ulu da ita. Tun a wannan inji na farko an yi tanadin wani faranti a gaba wanda yankakkiyar ciyawa ke faɗawa a ciki. Ashe ke nan tun ran gini tun ran zane, maƙerin ya gane cewa yanka rabin aiki ne, kwashewa shi ne sauran rabin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da gidaje masu faffaɗan fili suka yawaita a bayan biranen Amurka, sai aka shiga ƙera ƙananan taraktoci waɗanda mutum zai hau ya yanke ciyawar gidansa yana zaune. Alal misali, kamfanin John Deere ya fitar da irin tasa ta farko a 1963. Daga nan ne aka yi ta ƙirƙiro kayayyakin da ake ɗaura musu, har da waɗannan buhuna da muke magana a kansu.

Yadda Take Aiki

A ƙarƙashin taraktar akwai wani murfin ƙarfe mai kama da kwano a kife, faɗinsa mita ɗaya ko fiye da haka kaɗan, a cikinsa kuma akwai wuƙaƙe biyu ko uku masu juyawa da matuƙar sauri. An tanƙware bayan kowace wuƙa zuwa sama, saboda haka tana yanka tana kuma kaɗa iska kamar fanka. Iskar nan ita ce ke miƙar da ciyawa tsaye kafin wuƙa ta same ta, ita ce kuma ke ɗaukar yankakken ta tura shi cikin wani babban bututu da ya bi ta gefen tarakta zuwa baya. A ƙarshen bututun an rataye buhuna biyu ko uku na saƙa mai ƙananan ƙofofi, iska ta fice, ciyawa ta zauna. In sun cika sai direba ya sauka ya juye.

Akwai wata iri kuma wadda ake ja a baya kamar amalanke. Ita ba ta da wuƙa, sai buroshi mai juyawa wanda ƙafafunta ke murzawa, yana share busasshen ganye da ciyawa yana jefa su cikin wata babbar jaka. Ba ta shan mai, ba ta da inji nata, kuma ƙirarta ba ta da wuyar ganewa. Iri ta uku ita ce mai ɗauke da nata injin da babbar fanka, tana zuƙe ganye tana daddatsa shi, tana zuba shi cikin akwati.

Dukansu suna da aibi. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana toshe bututu. Doguwar ciyawa tana naɗe wuƙa. Ƙasa mai kunya-kunya ko ramuka tana karya murfin. An yi su ne domin fili shimfiɗaɗɗe da gajeriyar ciyawa wadda ake yanka mako-mako.

Abincin Wani Guban Wani

Abin da zai ba mutumin ƙasarmu mamaki shi ne, yawancin masu wannan na'ura suna tara ciyawar ne don su rabu da ita. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2018 ciyawa da ganye da rassan da aka share daga gidaje sun kai tan miliyan 35.4, watau kimanin kashi 12 cikin ɗari na dukan sharar garuruwan ƙasar. Abin ya yi yawa har wasu jihohi suka hana a kai irin wannan shara juji, kamar yadda Jihar Illinois ta yi a 1990, aka koma yin taki da ita. Masanan aikin gona na can ma suna ba masu gida shawara su riƙa barin gajeren yankan ciyawa a inda ya faɗi, don ya ruɓe ya koma ƙasa.

A nan kuwa labarin ya sha bamban. Ruwan sama a wannan yanki yakan sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa rani ne. Bahaushe bai taɓa ɗaukar ciyawa a matsayin shara ba. Yakan yanke ta da lauje, ya shanya, ya yi ingirici saboda doki. Yakan naɗe harawar wake da ta gyaɗa ya ɗora bisa rufin ɗaki ko cikin reshen itace. Yakan tsayar da karan dawa da na gero ya ɓoye saboda bazara. Kowa ya san yadda kuɗin damin harawa yake hawa daga kaka zuwa faɗuwar ruwa, balle ma in Babbar Salla ta matso, masu turka raguna suna neman abin ba su. To, in haka ne, me ya sa karan shinkafa kaɗai ya zama abin ƙonawa a wasu gonaki? Amsar tana cikin canjin da fadama ta yi.

Fadamar Jiya Da Ta Yau

A zamanin da, Gulbin Rima yakan cika ya malale fadama kowace damina. Manoman Kabi su shuka shinkafar da ke bin ruwa tana tsawo, su girbe sau ɗaya a shekara. In ruwa ya janye sai burgu da sauran ciyayin fadama su fito, makiyaya su gangaro da shanunsu su ci rani a wurin, shanun su ci abin da girbi ya bari, su kuma bar wa gona taki. Manomi da makiyayi da masunci kowa da lokacinsa a fili guda.

An kafa hukumar raya kwarin kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a cikin shekarun 1980, sai yanayin malalar ruwa ya sauya. Shirin Fadama na ƙasa da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, noman rani ya bunƙasa. Ran 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, mutane da yawa, har da ma'aikatan gwamnati, suka shiga noman shinkafar rani. A Disamba 2016 aka fitar da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi mai suna Lake Rice, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi.

Wannan ci gaba ne wanda babu mai musunsa. Sai dai ya zo da abubuwa biyu. Na farko, filin da shanu ke cin rani a cikinsa ya zama gonar shinkafa mai kore a daidai lokacin da suke buƙatarsa, wannan kuwa yana daga cikin abubuwan da ke haddasa saɓani tsakanin manoma da makiyaya. Na biyu, manomin da ke noma sau biyu a shekara ba shi da lokacin jiran kara ya ruɓe ko shanu su zo su cinye. Ashana ita ce lebura mafi araha.

Lissafin Abin Da Ke Ƙonewa

Ɗalibai su ɗauki alƙalami mu yi lissafi tare. A ƙiyasin masana, nauyin karan da shinkafa ke bari ya yi kusa da nauyin ƙwayar da ta bayar. Saboda haka hekta ɗaya da ta ba da tan 4 na shanshera za ta bar kara wajen tan 4. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci kimanin kilo 6 a yini. Shanu 5 ke nan za su ci kilo 30 a yini, kilo 3,600 a kwana 120. Watau karan hekta ɗaya zai cika cikin shanu 5 har wata huɗu. Bugu da ƙari, girbin shinkafar rani yana zuwa ne wajen Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da dabba ta fi shan wuya.

Ta fuskar ƙasa ma akwai asara. Kowane tan na karan shinkafa yana ɗauke da kilo 5 zuwa 8 na sinadarin naitirojin, wanda shi ne muke saye a buhun yuriya, da kilo 12 zuwa 17 na fotashiyam. Wuta tana tafiya da kusan dukan naitirojin ɗin cikin iska, ta kuma cinye ganyen da zai ruɓe ya sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Abin da ya rage a toka yakan taru ne wuri ɗaya inda aka yi tarin. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Mutanen Indiya sun ga ƙarshen wannan hanya, domin hayaƙin karan da ake ƙonawa a jihohin Punjab da Haryana a watannin Oktoba da Nuwamba yana daga cikin abubuwan da ke turnuƙe birnin Delhi kowace shekara.

Wace Na'ura Ce Ta Dace?

To, ko za a sayo taraktocin lambu da buhunansu a tura su fadama? A'a. Buhuna biyu na irin wannan tarakta suna cin wajen lita 230, watau ɗan fiye da durom guda. Ko da a ce kowane cikawa ya ɗauki kilo 20 na kara, sai direba ya sauka ya juye sau 200 kafin ya gama hekta ɗaya, in ma har ƙananan ƙafafun taraktar sun iya tsallake kunyoyin ban ruwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin ɗauka shi ne dabarar, watau a haɗa girbi da kwashewa su zama aiki ɗaya, kuma a cusa abin da aka kwashe cikin sifar da za a iya ɗauka. Matsalar kara ita ce girman jiki ba nauyi. Sakakken kara mai cika akwatin mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi bai kai kilo 20 ba, shi ya sa mota za ta cika har ta yi toro amma kuɗin kayan bai biya kuɗin mai ba. In an matse shi, wuri ɗaya zai ci ninki huɗu ko biyar na wannan nauyi.

Injin da ke wannan aiki ya daɗe a duniya. Kamfanin New Holland na Amurka ya fara sayar da injin da ke tsince ciyawa daga ƙasa, ya matse, ya ɗaure da kansa a 1940. Kamfanin Allis-Chalmers ya fitar da mai naɗe ta kamar tabarma a 1947. A yau akwai ƙananansa waɗanda matsakaiciyar tarakta ke ja, suna fitar da damin da mutum ɗaya zai ɗauka. Manoman shinkafa na kudancin Biyetnam sun rungume su, kara ya zama haja, ana sayar da shi ga masu kiwon shanu da masu noman naman kaza. Irin wannan inji shi ya dace da gonakin da babban injin girbi ya yi wa aiki ya watsar da kara a layi.

Inda kuwa aka yanka da lauje aka buge a jikin durom, kamar yadda ƙananan manoma da yawa suke yi, an riga an tara karan wuri ɗaya. Abin da ake buƙata a nan shi ne akwatin matsewa kawai, na katako ko na ƙarfe. A shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba kara, a tattake ko a danne da sanda mai ƙarfi, a ɗaure, a fitar. Ana amfani da irinsa a Kenya da Tanzaniya, kuma babu kafinta ko mai walda a Birnin Kebbi da zai kasa yinsa in an nuna masa. Haka kuma babbar manjagara mai ƙafa biyu, wadda dawaki ke ja a Turai da Amurka kafin zuwan tarakta, shanun huɗa ko ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu za su iya janta.

Sai dai a sani, karan shinkafa shi kaɗai ba ya gina jikin dabba, domin abin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba. Akwai hanyar inganta shi da masana kiwo suka daɗe da gwadawa. A narka kilo 4 na yuriya cikin ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na kara, a danne cikin rami ko ɗaki, a rufe ruf da leda har mako uku, sa'an nan a buɗe ya sha iska kafin a ba shanu ko tumaki. Wannan yana kusan ninka abin gina jikin, ya kuma sa karan ya yi saurin narkewa. Lalle ne a yi shi bisa jagorancin malamin gona, domin yuriya in ta yi yawa guba ce, kuma ba a ba doki ko jaki. A haɗa da ɗan harawa da dusa. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya ita ce wurin neman ƙarin bayani a kan irin wannan.

Inda Ƙaramar Na'urar Za Ta Yi Amfani

Duk da haka, taraktar lambu da buhunanta suna da wurinsu a cikin gari. Akwai filayen wasa, da harabar sakatariya, da makarantu, da asibitoci, da gidajen saukar baƙi, inda ciyawa ke tashi da damina, itatuwan dogon yaro da mangwaro kuma suke zubar da ganye da rani. Abin da aka saba gani a wurare da dama shi ne a share, a tara, a sa wuta, hayaƙi ya shiga ofis da aji. Da za a tanadi rami biyu a bayan kowace ma'aikata, a riƙa zuba ganye da ciyawa ana haɗawa da kashin dabbobi, ana yayyafa ruwa ana juyawa, cikin wata uku za a sami takin da zai wadatar da gandun renon itatuwa ko lambun makaranta.

Jami'in da za a ɗora wa sayen irin wannan na'ura ya kula da abubuwa huɗu. Ya tabbata buhunan sun dace da samfurin taraktar, domin kowane kamfani da ƙirar bututunsa. Ya tabbata ana samun wuƙa da bel da matatar iska a kasuwa, don ƙurar hunturu tana toshe matata da wuri. A tsince duwatsu da ƙarafa daga fili kafin a fara yanka, saboda wuƙa tana harba su kamar harsashi. Sa'an nan kada a ba dabba ciyawar da aka yi wa feshin magani, ko wadda ta gauraya da leda, ko ɗanyen yankan da aka tara ya yi zafi ya fara tsami. A baza shi ya bushe tukuna.

Kada A Yi Gyaran Gangar Auzinawa

Akwai haɗari guda wanda dole a faɗe shi. In kara ya yi kuɗi, kwaɗayi zai sa a kwashe shi ƙaf a bar gona tsirara. Mafi yawan fotashiyam da shinkafa ta zuƙa daga ƙasa a cikin kara yake zama, saboda haka gonar da ake kwashe wa kara shekara da shekaru ba a mayar mata da kome za ta gaji. Maganin wannan tsohon abu ne a wurinmu. A yanka a bar gindin kara ya koma ƙasa, kuma takin dabbar da ta ci karan ya komo gonar da karan ya fito. Cinikin da kakanninmu suka yi a fili, kara a ba da taki a karɓa, shi ne za a sabunta, sai dai yanzu amalanke ne zai yi zirga-zirgar da shanu suke yi a da. Wajen ajiya kuma a ɗora damin bisa dakali saboda gara, a rufe shi daga ruwa, a nisanta shi daga murhu, kuma kada a matse kara sai ya bushe sarai.

Aikin Da Ke Gabanmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatun gona da na kiwon dabbobi su haɗa kai tun kafin girbi, su sa injin matse kara cikin jerin kayan da ake ba da haya tare da garma, kuma duk kwangilar sayen inji ta ƙunshi kayan gyara da horar da makanikai, domin mun sha ganin taraktoci a fake saboda rashin ƙaramin ƙarfe. Ƙungiyoyin manoma da na makiyaya, da taimakon masarautun Gwandu da Argungu, su zauna su tsara wuraren tara kara da farashinsa. Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, abincin rani kuwa shi ne tushen duk wani shirin zaunar da dabba wuri ɗaya.

Ɗaliban aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da na jami'ar jiha da ke Aliero, da na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida. A ƙera akwatin matsewa mai sauƙin kuɗi, a kai shi fadamar Zauro ko ta Argungu, a auna dami nawa mutum biyu za su yi a yini, a kwatanta kuɗin aikin da kuɗin da damin zai yi a kasuwa a watan Mayu. Wannan lissafi shi ne zai shawo kan manomi ya ajiye ashana. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu basirar tattalin abin da ta bari.